Godiya ga waɗanda suka tare mini iska a hanyar Kiyawa

Assalamu alaikum warahmatullah. Alhamdulillahi na dawo gida lafiya daga tseren keke, ƙujewar gwiwa da ta kafaɗa ma ta fara kamewa. Tun ranar Asabar wayata ba ta huta ba, masu jaje da masu barka, shi ya sa na ga gara in rubuta a nan kowa ya samu rabonsa.

Waɗanda suka san ni sun san shekara 6 ke nan ina hawan keken dutse a nan ƙasar Birnin Kudu. Burtalin shanu, rairayin bakin fadama, gangaren da ke wajen Dutsen Habude, nan ne filina, kuma yawanci ni kaɗai nake fita. Ban taɓa shiga tseren kwalta ba sai wannan karo. Kilomita 60 ne, daga bakin garin Dutse a bi ta Shuwarin a nufi Kiyawa a juyo. Mu 34 muka tashi, na zo na 27, kuma wallahi ba da ƙarfina kaɗai na kai ba.

Godiyar farko taka ce, Yaya. Keken da ka tara kuɗin riɗin damina biyu ka saya, shi ka turo mini har ƙofar gida. Da na ce ina jin nauyin shiga tsere da kayan aro, ka tuna mini da Ese Ukpeseraye, 'yar Najeriyar da ta je gasar Olamfik ta Faris a 2024, wadda sai da 'yan tawagar Jamus suka ba ta aron keke ta shiga tseren cikin fili. Ranar da na fara ɗaga keken da hannu ɗaya sai da gabana ya faɗi. Nawa ya kai kilo 14, wannan bai kai 9 ba. Tayarsa milimita 25, kaurin babban yatsa, alhali na saba da taya mai ƙuraje da ta fi inci 2. Kan keken kuma a lanƙwashe yake kamar ƙahon rago, sai ka duƙa ka kai hannu ƙasa kafin ka kama birki da kyau. Allah ya saka maka da mafificin alheri, Yaya.

Baba mai faci na bakin kasuwarmu, ban manta ba. Ana gobe tsere na kai maka keken, bawul ɗinsa siriri, bakin famfonka ya ƙi kamawa. Ba ka kore ni ba. Ka juya murfin bawul ɗin a hannu, ka yanke kansa da reza, ka mayar ka ɗaura, famfo ya kama. Ka yi ta bugawa har allura ta kai 90, kana girgiza kai, don ka san a keken dutsena 30 ma ya ishe ni. Ko kwabo ba ka karɓa ba. Allah ya ƙara wa sana'a albarka.

Abin da ban sani ba shi ne iska. A kan dutse, dutsen kake kokawa da shi, gudun ba shi da yawa, iska ba ta dame ka ba. A kwalta kuwa ita ce babbar abokiyar gaba, ga shi hunturu ne, tana busowa daga gabas ta wajen arewa, mu kuma gabas muka dosa. Ana busa usur na wuce gaba, na ja ayarin kusan kilomita 10, ina jin ƙafata da ƙarfi. Ashe su a bayana suke fakewa, ni nake shan iskar kowa. Da ƙafa ta fara nauyi na koma tsakiya, nan kuma taya kusa da taya, tazarar ba ta wuce taku ɗaya ba. Bayan mun wuce Shuwarin na gabana ya kauce wa rami, ni kuma na damƙe birki irin damƙar da nake yi a gangare. Tayata ta gogi tasa, sai ga ni a gefen titi. Hular kwano ta tsage, tsidau ya huda tayar gaba.

Iya, ban san sunanki ba, ban san ƙauyenku ba. Kin sauke itacen da ke kanki, kin zuba ruwan jarkarki kina wanke mini tsakuwar da ta shige gwiwa, kina cewa sannu ɗana, sannu. Hannunki na rawa amma ba ki daina ba sai da wurin ya fita tas. Samarin nan biyu da suka tsayar da amalankensu suka riƙe mini keke har na sa sabon tub, ku ma na gode.

Sai kai, Malam mai shuɗiyar riga, wanda aka ce daga Kano ka zo. Ka girme ni nesa ba kusa ba. Ka tarar da ni ina tafe ni kaɗai, iska na neman mayar da ni baya, zuciyata ta riga ta karaya. Ka rage gudu ka ce, ƙanena, shigo bayana, kada ka zuba wa tayata ido, dubi kafaɗata, kuma ka cire yatsa daga birki. Ina shiga bayanka sai na ji kamar an sauke mini buhu daga wuya. Daga baya aka gaya mini wanda ya fake a bayan wani yana iya rage wajen kashi 30 cikin 100 na ƙarfin da zai kashe, amma ni a cinyata na fara sanin haka. Ka koya mini karɓa-karɓa: in ka motsa gwiwar hannu in wuce gaba, in ja kaɗan, in koma. Naka jan ya ninka nawa sau uku, na sani, kai ma ka sani, ba ka ce komai ba. Ka raba dabinonka biyu ka miƙo mini rabi muna kan tafiya. Da ba don ni ba, da ka shiga sahun gaba. Allah ya tare maka duk abin da kake tsoro kamar yadda ka tare mini iskar nan.

Na gode wa waɗanda suka shirya tseren, da matasan da suka tsaya da tuta a mararraba, da ma'aikaciyar lafiyar da ta ɗaure mini ciwo a wurin ƙarewa. Inna, ke kika ce ba zan fita ba sai da hular kwano a kaina. Na ajiye miki ita da tsagarta ki gani. Allah ya ƙara miki lafiya da nisan kwana.

Yaya, ranar Juma'a bayan masallaci zan kawo keken, na sa an canza naɗin kan keken da ya yage. Duk kuma wanda ya san Malam mai shuɗiyar riga, don Allah ya isar masa da wannan saƙo, mun rabu cikin cunkoso ban samu na karɓi lambarsa ba.