Ashe Ni Ne Ɓeran Da Ke Cikin Akwatin

Ranar da aka fara kawo mana labarin Ivan Pavlov da karnukansa a kwalejin horar da malamai, dariya muka yi. Malamin ya ce mutumin ɗan Rasha ne, masanin yadda jiki ke aiki, har ya karɓi kyautar Nobel a 1904 saboda bincikensa kan narkewar abinci. Ya lura karnukan ɗakin gwajinsa suna fara dalalar da yawu tun abinci bai iso ba, da zarar sun ga mai kawo shi. Sai ya riƙa haɗa wani sauti da abincin, yau da gobe, har sautin shi kaɗai ya isa ya sa yawun zuba. Wani daga bayan aji ya ce, "Malam, wannan ai ko akuyar gidanmu ta sani, da ta ji ƙarar kwanon dusa za ta taho." Muka haddace, muka amayar a jarrabawa, muka manta.

Sai da aka ba ni aji huɗu na firamare, yara sun haura saba'in, wasu a benci wasu a ƙasa, sannan karnukan nan suka dawo mini.

Akwai wata yarinya mai zama kusa da taga. A darasin Hausa ita ce ta farkon ɗaga hannu, har sai na ce ta bar wa wasu. Amma da na rubuta "Lissafi" a saman allo sai ta sunkuyar da kai, ta hau murza bakin hijabinta. Wani lokaci ta ce cikinta na ciwo. Na ɗauka ƙarya ce. Daga baya yayarta ta gaya mini cewa a aji biyu, duk wanda ya kasa kawo "bakwai sau takwas" bulala biyar yake sha a tafin hannu, ita kuwa kusan kullum tana cikinsu. Ciwon cikin nan na gaske ne. A nan na tuna John Watson da Rosalie Rayner, waɗanda a 1920 suka wallafa gwajin da suka yi wa wani jariri a Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka. Yaron ba ya tsoron farin ɓera, har yakan miƙa hannu ya taɓa. Sai suka riƙa buga guduma a jikin ƙarfe a bayan kansa duk lokacin da ɓeran ya bayyana. Ba a jima ba ganin ɓeran kawai ya isa ya sa shi kuka, tsoron ma ya tsallaka kan zomo da sauran abubuwa masu gashi. Mu a kwaleji mun yi tir da rashin imanin mutanen nan. Ban taɓa kawowa a raina cewa irin wannan gwajin ake yi a azuzuwanmu kullum ba, sai dai mu ba ma rubuta sakamakon.

Wata biyu na yi ina ba ta tambayoyin da na tabbata za ta iya, da ƙwallayen dabino a kan benci maimakon alli, kafin ta yarda ta fito gaban allo.

Da na ga haka sai na zaƙe. Na ce tunda tsoro na koyuwa, to lada ma za ta yi aiki. Edward Thorndike ya faɗa tun ƙarshen ƙarni na 19, bayan gwajinsa da kyanwoyi a cikin akwati, cewa duk aikin da daɗi ya biyo bayansa za a maimaita shi. Na fara zuwa da ledar alewa. Mako biyu aji ya yi zafi, hannuwa sama kamar a filin gwanjo. Ranar da albashi ya makara na zo babu leda, wani yaro ya tambaye ni, ko kunya babu, "Malam, yau akwai alewa ko mu huta?" Har yaran da a da suke amsa tambaya don jin daɗin kansu sun koma jira. Ashe an riga ni gani: a 1973 Mark Lepper da abokan aikinsa a Jami'ar Stanford sun ɗauki ƙananan yara masu son zane, suka yi wa wasu alkawarin takardar yabo idan sun yi zane. Bayan kwanaki, da aka bar su su yi abin da suka ga dama, waɗanda aka yi wa alkawarin sun fi kowa rage zanen. Na daina alewa. Tafi da "madalla" da jan biro sun fi arha, kuma ba su jiran albashi.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai ba a kan yaran yake ba.

Ni mai tsawa ne. Aji ya kaure da surutu, in buga dasta a tebur in daka tsawa, nan take ka ji tsit. Minti uku, huɗu, surutu ya dawo, in sake. Wata rana hedimasta ya zauna a bayan aji yana duba koyarwata. Da aka fita tara ya nuna mini gefen takardarsa inda ya riƙa jan layi. Sau goma sha ɗaya na yi tsawa a darasin minti talatin da biyar. Ya ce, "Malam, in da tana magani, ai da ɗaya ta isa."

Daren nan na ɗauko tsohon littafin kwaleji na sake karanta B. F. Skinner, malamin Jami'ar Harvard mai akwatin ɓeraye da tattabaru. A wani nau'in gwajin, ana sakar wa ɓera ɗan lantarki a ƙasan akwatin, in ya danna wani ƙarfe sai ya ɗauke. Ba a ba shi ko ƙwayar hatsi, sauƙin da ya samu shi ne ladarsa, kuma saboda shi zai yi ta dannawa. Na ajiye littafin na yi shiru. Surutun yara shi ne lantarkin, tsawa ita ce ƙarfen, shirun minti ukun nan kuwa shi ne ladata. Yaran ba su koyi natsuwa ba, ni ne na koyi tsawa. Su suka hore ni, ba tare da sun sani ba. Skinner kansa ya sha nanata cewa hukunci yana danne hali ne na ɗan lokaci, ba ya koya wa mutum abin da ya kamata ya yi a madadinsa. Mun rubuta wannan a jarrabawa, na ma ci makin.

Barin tsawa ya fi barin goro wuya. Na yanke shawarar in surutu ya tashi zan tsaya cik, in yi shiru, in nemi layin da ya natsu in ce, "Layin bango sun shirya, da su zan fara." Makon farko abin ya ƙara lalacewa. Akwai wani yaro, sarkin barkwanci, wanda ashe tsawata ce abincinsa: in na kira sunansa da ƙarfi, aji duka ya juyo ya kalle shi, shi ke nan ya samu abin da yake so. Da na daina kulawa sai ya ƙara wuta, har kukan jaki ya yi ana tsakiyar darasi. Littafin ya ce haka za a yi, halin da aka yanke wa lada yakan yi tashin farko kafin ya mutu. Ya kuma ce mafi munin abu shi ne ka jure sau tara ka fashe a na goma, domin ladar da ke zuwa jefi-jefi ta fi kowace kama zuciya, irin yadda caca ke riƙe mai yin ta. Ranar Alhamis na fashe. Muka koma farko.

Ba zan ce ka'idar nan ta bayyana mini komai ba. Tana iya sa yaro ya zauna, ya ɗaga hannu, ya haddace jadawalin sau. Ba ta gaya mini dalilin da ya sa wanda ya haddace "shida sau huɗu" yake kasa raba lemo ashirin da huɗu ga mutum shida ba. Wannan sai ka zauna kusa da shi ka ji yadda yake tunani. Abu ɗaya dai na ƙara ɗauka daga Skinner. A 1953 ya ziyarci ajin lissafin 'yarsa, ya ga yara suna aiki ba su san ko sun yi daidai ba sai bayan an karɓi takardu an dawo da su, wannan ne ya sa ya ƙera na'urar koyarwa mai ba da amsa nan take. Ni ba ni da na'ura. Na dai daina tara littattafai saba'in a kan tebur har mako guda. Tambaya uku nake bayarwa, in bi layi-layi da jan biro ana cikin yi.

Sarkin barkwancin nan kuwa, na ba shi riƙon ƙarfen da ake buga tsohon wilin motar da ke rataye a jikin darbejiya, wato ƙararrawar makarantarmu. Yanzu sau huɗu a rana makaranta duka take sauraronsa. Jiya na ji muryata ta fara hawa, sai na ga yarinyar bakin taga ta ɗago tana kallona. Na mayar da dastan kan tebur a hankali, na ce su buɗe shafi na gaba.