Haƙar rijiya a bakin Gash, tun da sola ta shigo

Sana'ata haƙar rijiyar burtsatse ce da sa famfo, a Kassala, gabashin Sudan. Kamfanin ba wani babba ba ne: injin haƙa a bayan tsohuwar mota, da injin walda, da samari 'yan unguwarmu da suka koyi aikin a hannuna. Yawancin masu kirana masu lambu ne na sawagi, wato gonakin ban-ruwa da suka bi gaɓar kogin Gash ta kudu da arewacin gari, inda ake noman ayaba da albasa da lemo da mangwaro.

Baƙo idan ya tsaya kan gada a watan Maris zai rantse babu kogi a nan, don yashi ne zalla, yara na buga ƙwallo a ciki. Gash daga tsaunukan Eritiriya yake saukowa, can ana kiransa Mareb, kuma wajen wata uku kawai yake gudu, daga Yuli zuwa Satumba. Bai kai teku ba, a filayen Aroma da ke arewa yake bajewa ya nutse. Abin da yashi da tsakuwar gindinsa suka tsotse a wannan ɗan lokaci, shi garin nan ke sha, shi lambuna ke ci har damina ta zagayo. Kuma ma'ajin ba shi da zurfi. Ka haƙa 'yan gomomin mita, bakin injin ya soma ƙara yana fitar da garin dutse, to ka iso kan shimfiɗaɗɗen dutse, ƙasa da nan ba abin da za ka tarar sai asarar dizal. Mutane kan ji labarin ruwan da ke ƙarƙashin hamadar arewa, wanda Sudan da Masar da Libiya da Chadi suka yi tarayya a kansa, su ɗauka haka ƙasar take ko'ina. Namu daban ne. Tulu ne da ake cikawa sau ɗaya a shekara, kowa kuma da modarsa.

A da, abin da ke tsare wannan ruwa tsadar mai ce. Akwai Dokar Albarkatun Ruwa ta 1995, akwai sashen kula da ruwan ƙarƙashin ƙasa a ma'aikatar ban-ruwa, ana kuma neman izini kafin a haƙa. Amma a cikin lambu, aljihu ne ke hukunci. Mai injin Lister yana lissafin kowane galan, da kwamin ayaba ya jiƙu sai ya kashe. Da gwamnati ta janye tallafin fetur da dizal a watan Yunin 2021, farashi ya yi tashin gwauron zabi, sai kowa ya koma neman faifan sola. Kasuwata ta buɗe, alhamdu lillahi, ba zan ɓoye ba. Sai dai famfon sola ba ya tambayar kuɗi. Rana na fitowa ya tashi, ba zai tsaya ba sai ta faɗi. Na sha shiga lambu da azahar in tarar ruwa ya cika kwami ya tsallake ya malala kan hanya, mai gadi na barci a gindin mangwaro.

Akwai wani dattijo da na yi wa aiki a sawagin kudu, rijiyarsa ta soma jan iska tun kafin zafi ya kankama. Ya ce, "Usta, ka ƙara min zurfi, ka sa famfo mai ƙarfin doki goma." Na ce, "Baba Alhaji, bari mu auna tukuna." Na zura igiyar awo mai ƙararrawa a baki, wadda ke kuka da ta taɓa ruwa, na rubuta. Muka roƙi maƙwabcinsa ya kashe nasa famfon zuwa la'asar, muka sake aunawa a gabansu su biyu. Ruwan ya hau. Rijiyoyin sun yi kusa da juna, kuma duk famfon da ke ja, ruwan ƙasa kan lotsa a kewayensa, lotsawar ɗaya ta shiga cikin ta ɗayan. Da na bi maganarsa na sa babban famfo, da ya kwashe na maƙwabcin, shi ma ya kira ni ko wani mai injin, a yi ta tsere zuwa ƙasa har kowa ya dangana da dutse. Daga ƙarshe suka raba yini, ɗaya hantsi ɗaya yamma, na sa wa kowannensu agogon da ke yanke wuta da kansa. Kuɗin da na samu bai kai rabin na haƙa ba, yarana ma sun yi ta gunaguni a mota.

Shi ya sa ba na miƙa rijiya sai na yi gwajin ja. A kunna famfo sa'o'i, a riƙa auna yadda ruwa ke sauka, a kashe a ga yadda yake dawowa, sannan a zaɓi famfon da ya yi daidai da ƙarfin rijiyar. Nakan bar ƙaramin bututu a gefe don zura igiyar awo, in rubuta zurfi da ranar da aka auna da fenti a jikin ɗakin famfo. Masu araha ba sa yin haka. Sukan rage tsakuwar da ake zubawa kewaye da bututu mai tsaga, bayan shekara yashi ya cinye famfon, mai lambu ya ce kayan Sin ne ba su da kyau.

Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilun 2023 ya ƙara wa tulun nan baki. Mutanen Khartum suka zo, da Wad Madani ta faɗi a Disambar shekarar wasu suka biyo, ciki har da danginmu na Jazira da na wajen Mai Wurno. Makarantu suka zama masauki, masu karo da jakuna suka yi ta layi da ganguna a bakin rijiyoyin lambu. Da kwalara ta bazu a jihar a watan Agustan 2024, sai aka tuna da abin da nake faɗa wa masu gida kullum: ruwanmu na kusa da sama, yashi kuma ba ya tare ƙazanta sosai. Rijiyar da ba a toshe wuyanta da siminti ba, ga ramin masai a kusa, cuta ce ake ja da famfo. Irin wannan aiki na ƙi shi ba sau ɗaya ba, ko da mai shi zai fusata.

A ganina izinin haƙa shi kaɗai ba zai riƙe ruwan nan ba, tunda takardar ana duba ta ne ranar haƙa, ja kuwa kullum ake yi. Saudiyya da duk arzikinta sai da ta daina sayen alkamar gida a 2016 saboda ruwan ƙasa. Abin da nake kai wa kwamitin masu lambun sashenmu ƙarami ne: a zaɓi wasu rijiyoyi, a auna su a farkon kowane wata, a rubuta a littafi ɗaya da kowa zai iya dubawa. Idan Gash ya zo da rauni a wata shekara, a zauna tun Oktoba a rage ayaba, don ita ce mai shan ruwa shekara zagaye, albasa kuwa lokaci gare ta. Masu ayaba ba sa son jin wannan, wasunsu ma sun ce mai haƙa ba shi da bakin magana a harkar shuka. Littafin dai an saya, igiyar awon tawa ce nake ba da aro, kuma zama na gaba bayan sallar Juma'a ne a makon farko na wata.