Farfelar alminiyom ko ta ƙarfe marar tsatsa: wacce ta dace da jirginka na ruwa?

Kafin ka cire farfelar alminiyom ka ɗaura ta ƙarfe marar tsatsa, abu biyu za ka duba: ƙarfin injinka, da abin da ke ƙarƙashin ruwan da kake bi. Kuɗin marar tsatsa yakan ninka na alminiyom sau biyu ko uku, kuma ba kowane jirgi ne zai mayar maka da wannan kuɗi ba.

Alminiyom yana da laushi, shi ya sa ake yin fikafikansa da kauri, kuma duk da haka suna ɗan lanƙwashewa idan inji ya ɗauki wuta sosai. Ƙarfe marar tsatsa kuwa ana iya sirantar da shi bai rasa siffarsa ba, sai ya yanka ruwa da sauƙi, ya kuma riƙe shi a kwana ba tare da farfela ta zuƙo iska maimakon ruwa ba. A kan injin doki 150 ko 200 za ka ji bambancin tun wajen tashi. A kan injin doki 15 ko 40 da ƙyar za ka lura, domin ƙarfin bai kai ya lanƙwasa alminiyom ɗin ba. A ganina mai ƙaramin inji ya riƙe kuɗinsa.

Maganar ƙasan ruwa ita ce ta fi damuna. Idan farfelar alminiyom ta daki dutse ko kututture, fiffike ne ke karyewa, asarar ta tsaya nan. Marar tsatsa ba ta saurin sallamawa. Akwai roba mai laushi ko zoben roba mai tauri a cibiyarta da aka yi don ya sulluɓe idan an yi karo, amma ba kullum yake cetowa ba. Idan dukan ya yi tsanani sai ya wuce zuwa sandar farfela ya tanƙwara ta, ko ya kakkarya haƙoran giya, kuma wannan gyara ya fi kuɗin farfela nesa ba kusa ba. A ruwa mai yashi ko laka lamarin ya juya: yashi yana cinye bakin alminiyom da sauri, marar tsatsa kuwa ta daɗe tana aiki.

Idan ka yanke shawarar canzawa, kada ka sayi lamba ɗaya da tsohuwar ido rufe. A jikin farfela akwai lambobi biyu, misali 14 x 19. Ta farko faɗinta ne da inci, ta biyu takunta, wato nisan da za ta ci a juyi ɗaya da babu sulɓi. Ka loda jirgin yadda ka saba, ka buɗe wuta gaba ɗaya, ka karanta agogon juyin inji. Littafin injin ya faɗi inda ya kamata allurar ta tsaya. A injuna da yawa na zamani tsakanin 5000 ne da 6000 a minti. Kowane inci ɗaya na taku yana canza juyin da kimanin 150 zuwa 200: ƙara taku yana rage juyi, rage shi yana ƙara juyi. Da yake marar tsatsa ta fi kama ruwa, musamman mai lanƙwasa a bakin fiffike, juyin yakan sauka, don haka sau da yawa sai an rage taku da inci ɗaya. Injin da ba ya kaiwa juyinsa yana aiki ne a cikin wahala, kuma fistin da bawul ne ke biyan bashin.

Wajen ɗaurawa, ka tabbatar yawan haƙoran cibiya ya yi daidai da na sanda, kuma ɓangaren da take juyawa ɗaya ne da na tsohuwar. Cire makulli, sa giya a furi, ka tokare fiffike da guntun katako kafin ka kwance noti. Ka leƙa bayan washar da ke tokare farfela, domin zaren kamun kifi yakan naɗe a wurin ya yanka sil, wato robar da ke tare ruwa, sai ruwa ya shiga man giya. Shafa giris na ruwa a haƙoran, ɗaure noti gwargwadon awon da littafi ya bayar, sannan ka sa sabon fin, wato ɗan ƙarfen da ke hana noti kwancewa. Kada ka mayar da tsohon.

Marar tsatsa ta fi nauyi, saboda haka za ka iya jin ƙara idan ka sa giya. Kamfanonin inji na Yamaha da Mercury duk suna da cibiyoyi masu rage wannan. A ruwan gishiri kuma marar tsatsa tana hanzarta cinyewar gidan giya na alminiyom, sai ka riƙa duba ƙarafan kariya na zink, waɗanda ke cinyewa a madadin gidan giyan, ka canza su idan rabi ya cinye, kuma kada ka shafa musu fenti. Tsohuwar farfelar ka ajiye ta cikin jirgi tare da noti, fin da sifana.