Gudun asuba da tuwon dare

Wata biyar na yi ban ga al'adata ba. Goggo har ta fara raɗa wa maƙwabta cewa an samu ƙaruwa, ta hana ni ɗaukar ko bokitin ruwa. Ni kuwa na san babu komai, don sau uku ina sayo abin gwaji a kantin magani, sau ukun layi ɗaya yake nunawa. Shekarata huɗu ke nan da aure. Ga gashi ya fara tsiro min a haɓa, ina tsincewa da hantsaki a ɓoye, ga bayan wuyana ya yi baƙi kamar wadda ba ta san soso da sabulu ba. Na dirje wuyan nan har sai da ya saluɓe.

Likitar da ta yi min eko, wato hoton ciki na na'ura, a nan Garwa ta Kamaru ta juyo da allon wajena, ta nuna min wasu ƙananan ɗigo baƙaƙe da suka zagaye gidan ƙwai kamar an jera carbi. Ta rubuta SOPK a takarda, haka masu Faransanci suke kiransa, masu Turanci kuma PCOS. Ta ce ƙwayaye ne da suka fara nuna suka tsaya a hanya, ba su fito ba. Alamomi uku ake dubawa: rikicewar al'ada, yawan sinadarin maza a jikin mace, da abin da eko ya nuna. In aka samu biyu, kuma aka tabbatar ba wata cutar ba ce, shi ke nan. Ni duka ukun na haɗa. Daga baya na karanta cewa a Rotterdam ta ƙasar Holan likitoci suka tsayar da wannan ƙa'ida a 2003, kuma wajen mace ɗaya cikin goma tana da shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce waɗanda ba su san suna da shi ba za su iya kai kashi 70 cikin 100. Da na ga haka sai na tuna matan da ake ta kai wa wajen masu magani ana cewa jinnu ne suka riƙe musu mahaifa.

Bayanin da ya zauna min a kai shi ne na insulin, sinadarin da ke shigar da suga daga jini zuwa cikin tsoka. Jikina ba ya jin maganarsa sosai, sai ya riƙa ƙara yawansa, yawan nan kuma shi ke zuga gidan ƙwai ya ƙara sinadarin maza. Baƙin wuyan ma daga nan yake, ba dauɗa ba ce. Ta ba ni metformin, maganin da ke taimaka wa jiki ya ji maganar insulin, ta ce in sha da abinci don yana murɗa ciki (ya kuwa murɗa, makon farko ni da bayi muka saba). Sannan ta ce: “Madam, in kika sauke kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyinki, sau da yawa al'ada tana daidaita. Ki nemi motsa jiki na minti 150 a mako.” Kilo 92 nake a ranar.

To, a wajenmu ƙiba yabo ce. In an ce “kin yi ɓul-ɓul”, maigida ake gode wa. In kika fara rama kuwa, sai a fara tambaya ko lafiya a gidanku. Ranar da na gaya wa Goggo zan fara gudu, ta ajiye muciya ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, “'Yar nan, wa ya koro ki?”

Na sayi takalmi na gwanjo a babbar kasuwa, sefa dubu huɗu. Dogon wando a ciki, doguwar riga a sama, ƙaramin hijabi wanda iska ba za ta ɗauka ba. Ana sallame asuba nake fita, ƙanen maigidana yana biye da ni a keke, don shi ne sharaɗin da yayansa ya sa. Muna bin titin da ya wuce ta filin wasa na Roumdé Adjia, wanda aka buga wasu wasannin gasar cin kofin Afirka a cikinsa a farkon 2022. Ranar farko na yi ƙoƙarin nuna bajinta, ban kai minti biyu ba ƙirjina ya ɗauki zafi, yawu ya yi ɗaci, na dafa fal ɗin wuta ina haki. Wani mai mashin ya tsaya ya ce, “Hajiya, in kai ki ne?” Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Sai na sauko daga dokin girman kai. Gudu minti ɗaya, tafiya minti biyu, sau takwas, kwana uku a mako. Bayan wata biyu na iya minti goma ba tsayawa. A hunturu ƙura ce ke shiga maƙogwaro, sai na ɗaura gyale a hanci. Da Maris ya kama, zafin Garwa ya haura digiri 40 da rana, in ƙarfe shida da rabi ta yi ban dawo gida ba, na makara. A azumi ajiye gudun na yi gaba ɗaya, na koma tafiya bayan asham.

Amma in faɗi gaskiya, gudun bai ba ni wahalar da abinci ya ba ni ba. Gudu ni kaɗai nake yi, abinci kuwa tukunya ɗaya ce ta mutum tara. Da na zauna na lissafa abin da nake ci a rana, na tsorata. Da safe shayi mai suga cokali huɗu da rabin sandar burodi. Da hantsi fanke. Da rana shinkafa da mai, a bi da zoɓo mai sanyi wanda rabinsa suga ne. Da dare malmalar tuwon masara biyu, wani lokaci a rufe da kunun gyaɗa. Abubuwan da nake gani a intanet kuma duk na wata duniya ne, wai in ci wasu 'ya'yan itace da ko sunansu ba a sani ba a kasuwar Yelwa.

Kuskuren farko da na yi shi ne daina cin abincin dare. Kwana huɗu na yi, a na biyar jiri ya kwashe ni a kan hanya, na zauna a bakin kwata, yaron nan ya ruɗe. Likita ta yi min faɗa sosai. Daga nan na daina hana kaina, na koma sauya yawan kowane abu a kwano. Malmala ɗaya, kuma na fi son ta dawa, miya kuwa in cika ta: kuka, yakuwa, kuɓewa, tafasa, zogale. Wake ya zama abokina, dafaffe da ɗan mai da albasa, ko ƙosai uku da safe a madadin burodi. In kifin tafkin Lagdo ya yi araha, karfasa gasasshiya. Nono ba suga. Zoɓo ina dafa nawa daban da citta da kanumfari, mai tsami, har yaran gidan suka sa masa suna maganin Anti.

Sugan shayi ne ya fi komai ci min rai. Daga huɗu na koma uku, na yi mako biyu a nan, sannan biyu. Yanzu ina kan ɗaya kuma a nan na tsaya, kada wanda ya zo min da wa'azi a kai. Gidan biki ma wata jarrabawa ce, a dire miki lemon kwalba da masa, in kin ƙi a ce girman kai. Nakan karɓa, in ci masa biyu, lemon kuma in sa a jaka in kawo wa yara.

Wata goma ke nan. Sikeli yana nuna 84. Al'adata ta zo sau huɗu a jere, tsakaninsu kwana 35 zuwa 40, abin da rabona da gani tun ina budurwa. Baƙin wuyan ya ɗan washe. Gashin haɓa yana nan daram, hantsakina bai yi ritaya ba. Ciki kuma har yanzu shiru. Likita ta ce ciwon ba ya warkewa, lallaɓa shi ake yi, in muka kai ƙarshen shekara haka za mu zauna da maigida a yi maganar maganin da ke taimaka wa ƙwai ya fito.

Goggo ba ta daina cewa na lalace ba. Sai dai shekaranjiya da na dawo, na tarar ta ɗebe min miyar zogale a kwano daban kafin ta zuba mai a tukunya. Ta turo min da ƙafa ba ta ko dube ni ba, ta ce, “Ga naki, 'yar tsere.”