Talata: katin memori da ɗabi'arsa ta tsayawa

Tun bayan sallar asuba nake kan na'urar auna girgizar injin ban-ruwa da wani manomi ya ba mu aikinta. Tana awo sau 1,000 a daƙiƙa, kowane awo bayit 6, ta zuba a katin memori. Bayit 6,000 ke nan a daƙiƙa, alhali katin an buga masa Class 10, alƙawarin megabayit 10 a daƙiƙa, wato bayit miliyan 10. Amma da na buɗe fayil ɗin a kwamfuta, sai ga giɓi nan da can.

Yaron shagona ya ce, "Oga, ko jabu ne? A sayo mai tsada." Na ce ya jawo kujera ya gani da idonsa.

Wancan alƙawari an yi shi ne ga irin kyamara, mai magana da kati ta layi huɗu. Arduino Uno kuwa, ƙaramin allon kwamfutar da ke sarrafa na'urar, ta hanyar aika bayanai mai suna SPI yake bi, layi ɗaya, kuma saurinsa ba ya wuce megahaz 8. Ko ba wani cikas, megabayit ɗaya a daƙiƙa ne iyakarsa. Wannan ma ya ishe mu har da rara.

Abin da ya cinye min yini shi ne tsayawar. Na sa na'urar ta riƙa auna lokacin kowane rubutu. Yawanci kafin ƙiftawar ido an gama, sai can ɗaya ya maƙale. Ashe a lokacin katin yana shara a cikinsa ne, domin ba a rubutu a kan tsohon wuri sai an goge, gogewar kuma babban yanki take ɗauka gaba ɗaya. Ƙa'idar ƙera katunan memori na SD ta yarje wa nau'in SDHC ya kai milisakan 250 yana cewa a dakata. A wannan ɗan lokaci bayit 1,500 sun taru. Uno kuma kilobayit 2 ne duk ma'ajiyarsa ta wucin gadi, bayit 512 daga ciki na tara abin da za a miƙa wa katin. Ina sauran za su zauna? Kamar mai tarar ruwan famfo ne da kofi, an tsare masa hanyar randa.

Wannan ya dame ni, don daƙiƙar da ta ɓace tana iya zama wadda bodin injin ya fara nuna alamar lalacewa.

Bayan la'asar na koma kan ESP32, wani allon mai ma'ajiyar wucin gadi ta kilobayit 520. Na ware ma'ajiya mai faɗi, awo na shiga ta gefe guda, rubutu na fita ta ɗaya a dunƙule, ninkin bayit 512. Na kama wa fayil fili tun farko da SdFat, manhajar rubutu a kati, na kuma rage yawan sabunta teburin FAT, jerin da ke nuna inda kowane fayil yake a katin, tunda kowace sabuntawa ƙarin rubutu ce.

Har magariba katin bai daina tsayawa ba, amma ko awo ɗaya bai zube ba. Gobe za mu kai ta gona mu gwada a jikin injin, cikin zafi da ƙura.