Ƙwaron da ya ba ni bakin magana a Dadin Kowa

Daga Damagaram na taso, inda noman raninmu na rijiya ne da guga. Da na sauka Dadin Kowa a jihar Gombe, na tarar ruwan madatsar kogin Gongola yana bin magudanai har cikin gonaki, abin ya girgiza ni. Harshe bai ba ni wahala ba. Lissafin naira bayan sabo da sefa ma na saba da wuri. Abin da ya fi ci mini rai shi ne zaman baƙunta: kana da magana a baki, amma ba wanda ya tambaye ka.

A lambun dattijon da ya riƙe ni, duk abin da ya motsa a jikin ganye feshi ake yi masa. Akwai wani ɗan ƙwaro ruwan ƙasa da ke zuwa wa fitila da dare, da rana kuma ya laɓe ƙarƙashin ganyen tattasai inda darɓa ta taru. Tsawonsa bai kai santimita ɗaya ba. Fukafukansa huɗu ne, masu jijiyoyi sarƙe da ƴan gashi, in ya sauka sai ya kife su a bayansa kamar jinka. Ka taɓa shi, ya faɗo ya yi lamo. Na daɗe ina lura da shi, ban taɓa ganin ya huda ganye ba.

Wani ɗalibin kwalejin aikin lambu ta garin ya duba mini shi da madubin ƙara girma, ya ce dangin Hemerobiidae ne. Yana da ɗan'uwa kore wanda ya fi shi girma, mai rataye ƙwansa a kan siririn zare. Shi mai ruwan ƙasan a jikin ganye yake manna nasa. Babba da tsutsarsa duk darɓa suke ci, wato aikinmu suke taya mu. Danginsa sun haura iri 500, suna kowace nahiya ban da Antatika. Ɗaya daga ciki, Micromus timidus, ana samunsa daga Afirka zuwa Indiya har Ostireliya, kuma a 1919 da gangan aka kai shi tsibiran Hawai don ya rage darɓa.

Da wannan na samu ƙarfin hali. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, wannan ba maɓarnaci ba ne. Maganin da muke zubawa har shi yake kashewa."

Ya daɗe yana juya ganyen a hannunsa. "To ɗana, ware fangali biyu, kada a fesa, mu gani."

Tun daga ranar, kafin a haɗa magani sai ya aiko a kira ni in bi ƙarƙashin ganye tukuna. Maƙwabcinmu mai kabeji shi ma ya fara kawo mini ƙwari a ƙunshe cikin leda.