Tiyub ɗin TPU da hannun mai faci ba sa shiri

In kana hawan keken tsere a Kano, kuma ka sa siririn tiyub ɗin nan na TPU, wato wanda aka yi da wani abu mai kama da leda maimakon baƙar roba, a tayarka, to ka sa a ranka cewa ranar da ya yi faci kai kaɗai ne gatansa. Masu tallarsa a intanet ba sa kawo wannan zancen, don a inda suke kowa da kansa yake facin kekensa. Mu nan kuwa mun saba da gangarawa gindin bishiya a miƙa wa mai faci, a biya, a wuce. Wannan sabon ne ya cinye mini tiyub sabo fil, kuma har yau in na tuna sai raina ya sosu.

Abin da ya ja ni gare shi kowa ya sani. Baƙin tiyub na roba da muka saba sawa a tayar 700, wato ta keken tsere, yana kai giram 100, wani ya wuce. Na TPU kuwa, Aerothan na kamfanin Schwalbe giram 41 ne, RideNow na China akwai mai 36, akwai ma mai 24. Ƙafa biyu ka rage kamar giram 120 zuwa 150, wato ko kashi ɗaya cikin uku na ledar fiyawota bai cika ba. A garin da babu wani hawa sai gadojin sama, wannan ragin ba zai sa ka riga kowa isa Wudil ba. Amma ban ƙi gaskiya ba, taya tana ƙara santsi a kan kwalta mai kyau, kuma in ka tashi daga danja za ka ji keken ya fi saurin amsawa. Na yi oda, aka kawo, na sa, komai lafiya.

Wata Lahadi ce bayan asuba muka miƙa titin Zariya. Kafin mu kai Na'ibawa tayar wani abokin hawanmu ta sace, bai zo da komai ba, na ciro tiyub ɗin ko-ta-kwana da nake yawo da shi na ba shi. Mun wuce Kwanar Dawaki kaɗan sai tawa ta baya ta fara lanƙwasa. Siririyar waya ce, irin wadda tayoyin manyan motoci ke zubarwa a gefen titi in sun fashe. Ita ce babbar abokiyar gabarmu a wannan hanyar, ta fi ƙayar tsidau ɓarna, don ba ka ganinta sai ka shafa cikin taya ta soke ka a yatsa.

Na tura keken zuwa wurin wani dattijo mai faci da ya riga ya buɗe. Ni na kwance ƙafar, ni na zaro tiyub ɗin. Ya karɓa ya ɗaga shi sama, yana hango hasken rana ta cikinsa, ya ce, "Alhaji, wannan ai leda ce aka sayar maka." Muka yi dariya. Ya ga bawul ɗin siriri ne, bakin injinsa na iska ba zai kama ba, na ba shi ɗan adaftan tagulla da nake ajiyewa a jakar sirdi. Na juya in karɓi ruwa a hannun wani yaro, shi ke nan fa.

Aikin da ya yi shi ne wanda yake yi tun kafin a haife ni: a hura wa tiyub iska ya cika, a tsoma a bahon ruwa a nemi inda yake kumfa. Baƙin tiyub yana jure wannan, ya kumbura ya koma yadda yake. TPU ba ya komawa. Masu yin sa suna gargaɗin kada ƙarfin iskar ya wuce kamar rabin bar a ma'aunin iska, wato psi 7 ko 8, matuƙar ba ya cikin taya, wasu ma ƙasa da haka suke cewa. Injin da ake cika tayar tirela da shi kuwa bai san wannan lissafin ba. Kafin in ce "Baba, tsaya!" gefe ɗaya ya yi ƙululu ya fi damtsena kauri, wurin ya yi fari-fari, ya saki. Da aka sace iskar sai ya zauna a yamutse, ya ƙi komawa. Hujin da bai fi bakin allura ba muka zo gyarawa, muka tashi da tiyub ɗin da ko an liƙe shi, in aka mayar cikin taya wurin nan zai naɗe ya fashe.

Dattijon bai karaya ba. Ya goge hujin da 'yar takardar yashi, ya shafa sholisho, ya ɗora faci ya danna. Yana ɗaga yatsa facin ya biyo shi. Sholisho da roba yake aiki, a jikin TPU sai dai ya bushe ya ɓare. Da na ga ya nufi ƙarfen da yake gasa facin babura da shi, na riƙe hannunsa, na ce, "Baba, don Allah bar shi haka, wuta narkar da shi za ta yi." Ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin tiyub mai tsoron iska da wuta ba. Ya duba cikin kayansa ko da wanda zai ara mini, duk na Phoenix ne da na babur. Ko faɗin ya yi, bawul ɗinsu ba zai shiga ba, don ramin rim ɗin keken tsere milimita 6.5 ne, nasu kuwa yana neman 8.5. A bayan Adaidaita Sahu na dawo gida, ƙafar keke a cinya, direba yana ta tambayata nawa na sayi keken.

Ban ga laifin dattijon ba, amma kuɗin wannan tiyub ɗaya zai saya mini baƙaƙe da yawa a Sabon Gari, kuma wani sai an sake oda an jira. Abin da ya fi ci mini rai shi ne hujin mai gyaruwa ne. Da ya iso gida yadda yake, aikin minti kaɗan ne: a hura da baki kawai, a nemo wurin a ruwa, a bar shi ya bushe, a goge da ɗan ƙyallen sifirit da ke zuwa cikin kayan facinsa, a manna facin da aka yi domin TPU, a danne shi sosai a ba shi lokaci. Na yi wa ɗan'uwansa haka daga baya, yana nan yana riƙe iska. Don haka in za ka yi oda, haɗa da kayan facin a tafi ɗaya. Ban taɓa cin karo da su a kasuwa a nan ba.

Wajen sawa ma da baki nake fara ba shi iska, don ya miƙe kada leɓen taya ya cije shi, kuma ba na kusantar da ƙarfen zare taya. Kekunanmu yawanci na hannu ne, tef ɗin cikin rim ya tsufa ya zame, bakin ramukan sufok a waje. Baƙin tiyub zai yi haƙuri da wannan na ɗan lokaci, TPU ba zai yi ba, sai a sake tef tukuna. Wasu bawul ɗinsu na roba ne mai tauri, a bi shi a hankali wajen cire famfo. Mafi siraran nan kuma an yi su ne don keke mai birkin faifai, saboda birkin da ke matse rim yana zafafa shi a doguwar gangara. A cikin Kano ba damuwa ba ce, amma mai zuwa Jos da kekensa ya karanta kwalin.

Yanzu TPU yana ƙafar gaba, inda ba ta cika yin faci ba. Baya, wadda ke ɗauke da nauyi take kwashe wayoyi, na mayar mata da baƙi, wanda duk mai facin da na tarar zai iya. A jakar sirdi kuma TPU biyu ne a naɗe, don wurin da baƙi ɗaya ke ci ya ishe su, ga ɗan famfon hannu. In taya ta sace na canza da kaina, wanda ya huje na cusa shi a aljihun riga sai gida. Abokan hawa sun ce na cika rowa da tiyub, ko taɓawa ba na bari a yi. Na ce musu duk mai son gani ya zo gida, wanda ya yi ƙululun yana nan rataye a bayan ƙofa.